Ƙwayoyi Iri Biyu a Akwatin Sanyin Inna

A bazarar da Inna ta zauna gidana a Magaria ta yi kwana arba'in da ɗaya, kuma babu safiyar da ba ta tambaye ni yaushe za a mayar da ita gida ba. Gida a wurinta shi ne ƙauyenmu na bayan Kwaya, inda ta haife mu, inda awakinta da rumbunta suke. Abin da ya raba ta da can ɗan akwati ne wanda bai fi kwandon cefane girma ba.

Inna tana da ciwon sukari, kullum sai an yi mata allurar insulin. Matar ƙanena da ke zaune da ita a ƙauye ta koyi yin allurar a hannun majo, wato babban ma'aikacin jinyar da ke duba ta, ta kuma iya sosai. Ajiyar maganin ita ce matsala. Da damina da lokacin sanyi, tulu a cikin jiƙaƙƙen yashi ya isa. Da bazara kuwa majo ya ce bai yarda da tulu ba. Sai wani ɗan uwanmu mai fatauci a Kano ya kawo mana akwatin sanyi irin wanda ake sa wa a mota. Muka haɗa shi da batiri da fano, farantin nan mai ɗaukar hasken rana. Shekara biyu yana aiki, har muka daina tunawa da shi.

A shekara ta uku zanzaro ya yi gini a cikin ƴar fankar da ke bayansa. Fanka ta tsaya, akwati ya ɗau zafi, ya mutu. Majo ya ce a kawo tsohuwa gari inda akwai firigo, wato firiji, kuma ba za ta koma ba sai akwatin ya tashi ya ga sanyinsa da idonsa. Iyakar ƙasa da ke tsakaninmu da Kano a rufe take a lokacin. Ɗan uwan namu ya ce ko ya samu wani, bai san ranar da zai iso ba.

Inna ta zo, amma ta rage cin abinci. Ta lissafa mini tsofaffin ƙauyenmu da ƴaƴansu suka kawo gari jinya, ta ce in nuna mata ɗaya da ya koma. Tana so ruwan farko ya same ta a gida, domin ita ke zaɓen iri, kuma tun da ta yi wayo shuka ba ta taɓa wuce ta ba. Da rana takan zauna a ƙofar ɗaki tana duban gabas. Majo ya gaya mini a keɓe cewa rashin cin abincin ya fi damunsa a kan sukarin.

Yayana, babbanmu duka, mai gyaran rediyo ne da talabijin da salula, rumfarsa tana bakin kasuwa. Ya fi shekara talatin a sana'ar, kuma yana da ƙa'ida guda da kowa ya san shi da ita: duk abin da ya kwance, sai ya tara ƙananan kayan a gwangwanin sardin, ya wanke da esansi, wato fetur, ya shanya a kan takarda, sannan ya mayar. Ba a taɓa jin ƙusa ɗaya ta ɓata a rumfarsa ba. Shi ya karɓi akwatin.

Da ya buɗe bai samu inji ko gas irin na firigo ba. Abin da ke yin sanyin wani ɗan fari ne mai kusurwa huɗu, kamar biskit. Faranti biyu ne na tangaran, a tsakaninsu an jera ƴan ƙwayoyi masu ruwan toka, kowace ba ta fi ƙwayar gero ba, guda ɗari biyu da hamsin da huɗu, kowace a tsaye a kan ɗan jan ƙarfe. Zafi ya narkar da liƙin da ke riƙe da su, yana ɗaga farantin sama suka zube a kan tebur. Ya tattara su da gashin kaza, ya zuba a gwangwani, ya wanke, ya shanya. Kwana uku ya yi da hantsaki da tabarau mai ƙara girma yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kife dutsen guga ya ɗora su a kai har liƙin ya kama. Ya gwada da testa, na'urarsa ta awon wuta, ta nuna wuta na wucewa daga wannan waya zuwa waccan ba tangarɗa.

Ina wurin ranar da ya haɗa shi da batiri. Ya ɗora bayan yatsarsa a fuska ɗaya, ya juya ya ɗora a ɗayar. Dukkansu ɗumi suka yi. Ya sauya wayoyin, bai sauya komai ba.

"Wuta na shiga, wuta na fita," in ji shi. "To ina sanyin ya tsaya?"

Ni aikina karanta labarai ne a gidan rediyo, abin da ke cikin rediyon kuwa ban taɓa sani ba.

A makon ne ɗiyata ta fari ta zo hutu daga Damagaram, inda take ƙarin karatun kimiyyar fizik a jami'a. Ta ji labarin a gida, ta yi mini tambaya ɗaya.

"Baba, da ƙwayoyin suka zube, wuri ɗaya Baffa ya tara su?"

"A gwangwaninsa. Har wanki ya yi musu."

Ta dafe baki. Ta ce ƙwayoyin iri biyu ne, kuma ido ba ya rarrabe su. Na ce to yaya za ta gaya wa mutumin da ya yi kwana uku a sunkuye cewa shi ya cuɗa su da hannunsa. Ta ce ba za ta gaya masa ba, aron testa za ta je.

Washegari da hantsi muka tafi. Inna ta ce ƙafarta ƙafarmu, tana son ganin abin da ya tsare ta a gari. Aka ba ta benci a inuwar rumfa. Ɗiyata ta durƙusa ta gai da baffanta, ya tambaye ta karatu da mutanen Damagaram, sannan ta ce ko yana da wani mataccen biskit irin wannan a cikin tarkacensa. Yana da shi, ya ciro daga wata na'urar sanyaya ruwan sha da aka jefar, gefensa ɗaya a tsage. Ta roƙe shi ya ɗaga farantin sama a hankali, ya bar ƙwayoyin a tsaye yadda masu ƙera shi suka jera su.

"Ke kuma me za ki gani a ciki?"

"Wani abu aka koya mana a lakwal, Baffa, ban taɓa gwadawa da hannuna ba. Hannuna bai saba ba. Kai za ka riƙe mini."

Ya yi dariya, ya ce dama ƴan boko sai an riƙe musu. Ta mayar da testa kan awo mafi ƙanƙanta. Ta ce ya sa baƙar waya a jan ƙarfen da ke ƙasan ƙwaya, ya ɗora jar waya a samanta, sannan ya taɓa bakin jar wayar da ƙarfen liƙi mai zafi. Babu batiri, babu komai. Lambobi suka fito a fuskar testa.

"Daga ina wutar ta zo?" in ji shi.

"Daga zafin. Gwada ta kusa da ita."

Ya gwada. Lambobi suka fito, amma da ɗan layin ragi a gabansu. Ta uku babu layi. Ta huɗu da layi. Ya bi jeri guda har ƙarshe, ya shiga na biyu. Can ya ajiye ƙarfen, ya miƙa hannu ya ɗauko aikinsa na kwana uku, ya ɗora a dutsen guga, ya jira liƙi ya saki, ya ɗaga farantin. Ba wanda ya ce masa ya yi haka. Ya fara gwadawa: layi, layi, layi, babu, babu, layi. Ya cire tabarau ya shafa fuska.

Inna ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Sai ta dubi hanya ta ce, "A tambayar mini mai rumfar nan, a gonar wa ya taɓa ganin an zuba irin gero da na dawa a ƙwarya ɗaya?"

"Inna, gero da dawa ai ana gane su. Waɗannan kamarsu ɗaya, nauyinsu ɗaya."

"To ka wanke su dai. Sun yi tsabta."

Telan da ke rumfar kusa ya tsayar da kekensa yana dariya. Yaya ma ya murmusa, ya juya wurin ɗiyata ya ce, "To, malama, zauna ki gaya mini. Ƙarfe biyu ne?"

Ta ce kusan ƙarfe ɗaya ne, haɗin wasu ma'adinai biyu da ake kira bismut da telur. Ba ya barin wuta ta wuce a sake kamar jan ƙarfe, ba ya kuma tare ta kamar roba, yana tsakani. Irin wannan abu, in aka bar shi zalla, ba shi da wani amfani sosai. Sai masu ƙera shi su ƙara masa ɗan wani abu kaɗan tun yana narke, kuma abin da aka ƙara shi ke yanke yadda wuta za ta bi ta cikinsa.

"Algus ke nan," in ji Yaya. "Abin da ake kama masu man gyaɗa a kansa."

"Algus ne da gangan, Baffa, kuma da awo."

"Kanwa a wake," in ji Inna, har yanzu tana duban hanya. "Ba a ganinta a tukunya, amma a hana ta a gani."

Ɗiyata ta ce haka ne. Ta ce abin da ke ɗaukar wuta a cikin ƙarfe wasu ƴan mitsi-mitsi ne da ake kira elektron. In aka ƙara ɗan aidin, yakan zo da rarar elektron, su ne za su riƙa yawo da wutar. Wannan shi ake kira nau'in n. In kuwa ɗan dalma ko kuza aka ƙara, sai elektron su gaza, a samu guraben da babu kowa, kuma guraben ne ke yawo. Wannan shi ne nau'in p.

"Tsaya nan," in ji Yaya. "Rara na yawo, na gane. Wurin da babu komai kuma yaya zai yi tafiya?"

Ta ce, "A masallaci, in wani ya fita daga sahun gaba, na bayansa zai matsa ya cike. Na bayan wannan ma ya matsa. Mutane gaba suke yi, gurbin kuma baya yake yi har ya kai ƙofa."

Yaya ya daɗe yana kallonta. Ya tambaya ko dalmar da yake liƙi da ita ta ɓata ƙwayoyin ke nan. Ta ce a'a, sai an narka ta a ciki tun wurin ƙira, ta bakin waje ba ta sauya irinsu.

Sauran bayanin na riƙe shi kamar yadda nake riƙe labarin da zan karanta. Masu ɗaukar wutar, ko rara ne ko gurabe, suna tafiya da zafi a duk inda suka nufa. Shi ya sa ƙarfe mai zafi ya kore su zuwa gefen sanyi har testa ta ji, kuma ta nuna layi ga iri ɗaya, ta ƙi nunawa ga ɗayan. A cikin biskit ɗin wuta tana hawa ta wannan ƙwaya, ta sauka ta ta kusa da ita, ta sake hawa, haka har ƙarshe. Rarar elektron suna tafiya kishiyar hanyar wutar, gurabe kuma suna bin ta. Saboda haka in aka jera n, p, n, p, dukkansu fuska ɗaya za su kwashe zafi su kai, ɗayar fuskar ta yi sanyi. In kuwa iri ɗaya suka haɗu a jere, wannan ta kai zafi sama, waccan ta dawo da shi ƙasa. Yaya ya taƙaita da kansa, ya ce kwana uku ya yi yana ɗaukar ma'aikata rabi na janyo ruwa daga rijiya, rabi na mayarwa.

Telan ya leƙo ya ce mini, "Malam, wannan ɗiyar wa ce?"

A wurinmu mutum ba ya yabon ɗansa na fari a gaban jama'a, ko nuna shi nasa ne ba ya so ya yi. Ina neman abin da zan ce, Yaya ya riga ni.

"Tawa ce. Shi dai ya biya kuɗin littattafai."

Na sunkuyar da kai ina gyara hula. Na yi shekaru ina karanta labarin nasarorin mutanen da ban sani ba, muryata ba ta taɓa rawa ba. Ran nan kam na gode wa Allah da ba a ce in yi magana ba.

Inna ta aika gida aka kawo faifai biyu. Aka saki ƙwayoyin duka, aka fara tantancewa. Yaya na riƙe da waya da ƙarfe, ɗiyata na duban testa tana cewa "da layi" ko "babu", ni ina ɗauka da hantsaki ina ajiyewa. Inna ta ɗora faifai ɗaya a kowace cinya ta hana kowa matsowa. Sau biyu na kai hannu wajen faifan da ba shi ba, sau biyu ta buge mini hannu.

"Ɗan rediyo, dama da hagu ma sai an karanta maka a takarda?"

Wajen azahar wata ƴar guguwa ta taso daga tashar motoci ta nufo rumfunan. Kafin mu motsa Inna ta kife mayafinta a kan faifan biyu, ta danne da hannuwa, ta bar kanta a buɗe ƙura na zuba. Da ta wuce ta ɗaga mayafin a hankali, ta duba, ta ce babu wadda ta tsallaka. A ranar ta ci tuwon rana a rumfa, ta cinye, ta nemi ƙari.

Ana bukatar ɗari da ashirin da bakwai na kowane iri. Wasu sun farfashe a wajen kwancewa, domin abin yana da gautsi, sai aka cike daga mataccen biskit ɗin, da yake girmansu ɗaya. Su ma sai da aka gwada kowace. Yaya ya ɗauki alƙalami ya ɗiga tawada a gefen kowane gurbi na biyu a kan farantin, don kada ido ya yaudare shi.

Hutun ɗiyata ya ƙare kafin Yaya ya gama. Da za ta hau mota ta je yi masa sallama, ya ce ta tafi abinta, karatun ya zauna. Kwana huɗu ya yi a wannan karon. Ya rufe rumfa ga masu kawo salula, ya ce su dawo bayan kasuwa. Duk jerin da ya kammala sai ya bi shi da ƙarfe mai zafi ya tabbatar, kafin ya shiga na gaba. Ya sa sabuwar fanka, ya yanko ƙyallen gidan sauro ya rufe ramukan iska.

Ranar da ya haɗa shi da batiri, bai ɗora yatsarsa ba. Ya ce Inna ta sa hannu. Ta zura hannu cikin akwatin, ta taɓa ƙarfen ciki, ta ji sanyi. Can ta ce, "A gaya wa mai rumfar nan, Allah ya yi masa albarka." Yaya ya kira ɗiyata a salula. Ina jin muryarta tana tambaya ko ya yi, ya ce, "Ke dai ki yi karatu, kada ki ba mu kunya," ya kashe.

Majo bai yarda da hannun kowa ba. Ya sa ma'aunin zafinsa a ciki, ya sa aka ajiye akwatin a ɗakin ƙasa irin na ƙauye, ya zo ya duba da azahar kwana biyu a jere, lokacin da rana ta fi tsanani. Ya ce sanyin bai kai na sabo ba, aikin hannu ne, amma yana ƙasa da iyakar da maganin ke jurewa. Ya yarda da sharaɗi: kwalbar da ake amfani da ita kaɗai za a ajiye a ciki, sauran su zauna a firigon asibiti, ƙanena ya riƙa zuwa a moto, wato babur, yana karɓa.

Muka ɗauki mota zuwa Kwaya, daga nan amalanken shanu ya kai mu ƙauye, domin yashin hanyar ya fi ƙarfin motar. Inna ta rungume akwatin a cinya duk tsawon tafiyar, ta ƙi ba kowa. Da muka isa mata suka fito suna yi mata barka da zuwa. Ta amsa a tsaitsaye, ta wuce garke ta ƙirga awaki, ta ce an bar uwar garken ta rame. Yaya ya hau rufin ɗaki ya share fano, ya sauko ya haɗa wayoyi, ya nuna wa matar ƙanenmu yadda za ta riƙa sa kunne ta ji ƙarar fanka kowace safiya.

Kafin la'asar Inna ta sa an buɗe rumbu, an sauko mata da damman geron da ta ware tun kaka. Ta zauna a tabarma tana murza zangarniya a tafin hannu, tana duba ƙwaya, tana ajiye wasu a dama wasu a hagu. Muka je yi mata sallama, ta ce mu yi sauri kada mu rasa motar Magaria, tana da aiki.

Bayan kwana tara ruwa ya sauka a yankin Kwaya. Ƙanena ya kira ni ya ce tun da sassafe ta riga kowa fita, ƙwaryar iri a hannu, shi yana sara tana bin sa tana zubawa tana rufewa da ƙafa.